Bayan an sauko daga dutse, me ke riƙe mutum har Ista?

Ɗan Mokolo: Salamar Ubangiji gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi mu sani. Kowace shekara abu ɗaya ake gani. Matasa su dawo daga taron addu'a na kwana biyu ko uku zuciya a cike, ranar Laraba ta Toka, wato ranar farko ta azumin kwana arba'in kafin Ista, majami'a ta cika har waje, kowa ya ɗauki alkawari. Kafin mako na uku ya ƙare, Hanyar Gicciye ta ranar Juma'a, wato addu'ar bin tashoshin wahalar Yesu, sai tsofaffin mata da 'yan ajin baftisma. To wannan lokaci da mutum ya ji Allah kusa da shi, yana da amfani a sauran kwanakin azumi, ko daɗin rai ne kawai mai wucewa? In yana da amfani, yaya ake riƙe shi? Amsar da za a iya aiki da ita nake nema.

Malam Katekis, Garwa: Ɗana, tambayarka Ikilisiya ta daɗe da amsa ta a cikin tsarin karatu, sai dai ba a cika lura ba. A Katolika, Lahadi ta farko ta azumi ana karanta gwajin Yesu a jeji. Lahadi ta biyu, kowace shekara, ana karanta sākewar kamanninsa a kan dutse, inda ya haskaka a gaban almajirai uku, Musa da Iliya suka bayyana, murya kuma ta fito daga gajimare: Matiyu 17:1-9 a shekarar A, Markus 9:2-10 a shekarar B, Luka 9:28-36 a shekarar C, domin tsarin karatun na shekara uku ne mai juyawa. Duba lissafin 2026. Laraba ta Toka 18 ga Fabrairu, Ista 5 ga Afrilu. Daga Larabar zuwa Asabar ɗin jajiberen Ista kwana 46 ne, in ka cire Lahadi shida sai su zama 40. Karatun dutse ya faɗo 1 ga Maris, wato kwana na 12, daidai lokacin da zafin farawa ya soma hucewa, kuma saura kwana 33 kafin Juma'ar da aka gicciye Ubangiji. Ba a banza aka ajiye shi a nan ba. Paparoma Liyo Babba, wanda ya rasu a 461, ya yi wa'azi cewa an nuna wa almajirai wannan ɗaukaka ne domin gicciye kada ya zame musu abin tuntuɓe. Karanta abin da ya gabata a Matiyu 16. Yesu ya gaya musu za a kashe shi a Urushalima, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa. Bayan kwana shida aka hau dutse. Hawan ya zo ne tsakanin labarin mutuwa da ita mutuwar kanta.

Baba Fasto, Ngaundere: Malam ya faɗi gaskiya. Mu a wajen Lutaran, yawancin ikilisiyoyi suna karanta wannan nassi ne a Lahadi ta ƙarshe kafin Laraba ta Toka, wato 15 ga Fabrairu a lissafin 2026. Mayafin bagadi fari ne a ranar, ana rera Halleluya iya ƙarfi, bayan kwana uku kuma a sa shunayya, a ajiye Halleluya sai Ista. Ni ina ganin tsarin namu ya fi bin tafiyar Bishara, domin a Luka, bayan an sauko ba da jimawa ba (9:51) Yesu ya doshi Urushalima ba waiwaye. Amma ba wannan ne zancen ba. Abin da nake so Ɗan Mokolo ya gaya wa matasansa shi ne su ƙirga abin da ya rage bayan an sauko. Hasken ya ɗauke. Gajimaren ya yaye. Musa da Iliya sun tafi. Bukkoki uku da Bitrus ya so ginawa ba a gina ko ɗaya ba. Abu biyu suka rage: Yesu shi kaɗai, da umarni guda, "ku saurare shi." Wanda ya dawo daga taro yana neman ya riƙe hasken zai sha wuya, domin ba a ba shi ikon riƙe shi ba. Maganar ce aka ba shi ya tafi da ita.

Malamin Makaranta, Kuseri: Baba, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Mutum ukun da suka hau dutsen, Bitrus da Yakubu da Yahaya, su ɗin ne dai Yesu ya keɓe a Getsamani, kuma barci suka yi. Bitrus da ya ga fuskar Ubangiji tana haske kamar rana, shi ne ya yi musun saninsa sau uku, na farko a gaban baranya. In wanda ya gani da idonsa bai tsaya ba, me zai sa mu ce wa yaro taron kwana uku zai kai shi Ista? Ba gwamma mu gaya musu gaskiya ba, cewa horon kai ne kawai ke aiki?

Ɗan Mokolo: Wannan ita ce tambayar da matasa masu karatu ke yi min.

Baba Fasto, Ngaundere: Malam, ƙorafinka mai nauyi ne, kuma ba zan ce dutsen ya hana Bitrus faɗuwa ba, domin bai hana ba. Amma horon kai ma bai hana ba. Wa ya fi Bitrus ƙudurin zuciya a daren nan? Shi ya ce ko za a kashe shi ba zai yi musu ba. Abin da za a duba shi ne me ya faru bayan faɗuwar. A Luka 22:32 Yesu ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, kuma in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Zakara ya yi cara, Ubangiji ya waiwayo ya dube shi, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai tafi ya hallaka kansa ba, ya koma cikin 'yan'uwa. Sai ka buɗe 2 Bitrus 1:16-19. Ya ce ba tatsuniya suka bi ba, sun ji muryar da kunnensu suna tare da shi a tsattsarkan dutse. Nan take kuma ya mai da masu karatu ga maganar annabci, ya ce su kula da ita kamar fitila a wuri mai duhu. Shi kansa da ya gani, ga Maganar ya tura mutane. Saboda haka abin da nake koya shi ne: hawan dutse ba ya hana tuntuɓe, yana sa mutum ya san inda zai koma in ya faɗi. Matasa da yawa ba zunubi ne ke fitar da su daga azumi ba, kunya ce. Ya karya alkawari ranar Talata, sai ya ce shi ke nan, bana ta lalace, sai baɗi.

Malamin Makaranta, Kuseri: Wannan na karɓa, rabi. Ragowar rabin ina jiran in ji yadda ake yi a aikace.

Malam Katekis, Garwa: Bari in shimfiɗa yadda ake koya wa masu shirin baftisma, ya dace da kowa.

Kafin kwana biyu su wuce da dawowa daga taro, ko daga wata sujada da ta taɓa mutum, ya sami takarda ya rubuta. Kwana biyu na ce, domin bayan haka abin da ke saura shi ne "taron ya yi daɗi", ba a tuna me aka ji. Abin rubutawa huɗu ne: rana da wuri, ayar da ta kama shi da lambarta, abin da ya gane game da Allah a jimla ɗaya, da aiki guda ɗaya da zai yi. A nan ake yawan kuskure. Sai ka ga an cika shafi da "na yi kuka, jikina ya yi sanyi, na ji salama." Ba laifi ba ne, amma ranar da zuciya ta bushe, karanta wannan ƙara wa mutum baƙin ciki yake yi, domin yana gwada jiya da yau. Ayar kuwa ba ta canja ba, ko yana jin wani abu ko ba ya ji.

Aikin kuma ya zama ɗaya, mai lokaci da wuri. "Zan ƙara addu'a" ba alkawari ba ne. "Minti 15 bayan an yi wankan safe, kafin a taɓa waya, Zabura ɗaya da karatun Bisharar ranar" shi ne alkawari. Wanda ya ɗauki biyar a Laraba ta Toka, ya bar nama, ya bar shayi, ya bar Facebook, zai yi tsaron dare, zai karance Sabon Alkawari, shi ne wanda ba a gani a mako na uku. In ɗaya ya karye sai ya ja sauran.

Takardar a sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, a karanta ta sau biyu a mako, Lahadi da yamma da Laraba. A nuna wa mutum ɗaya tak, wanda ya girme ka a bangaskiya, ya riƙa tambayarka sau ɗaya a mako. Ba rukunin WhatsApp ba, mutum ɗaya.

Akwai ƙa'ida kuma daga Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, da ta yi daidai da wannan. Ya koyar cewa a lokacin da rai ya bushe kada mutum ya sauya shawarar da ya yanke lokacin da yake cikin haske, kuma wanda ke cikin ta'aziyya ya riƙa tuna cewa bushewa na tafe, ya tara ƙarfi domin ta. Manomin masakwa ba ya jiran yunwa ta zo kafin ya gyara rumbu.

Mama Shugabar Zumunta, Gider: Malam, sannu da ƙoƙari, amma rabin matan da muke zumunta da su ba sa karatu, wasu ma Hausar ba ta zauna musu sosai ba, Fulatanci ko yaren gida suka fi ji. Takarda ba za ta yi musu aiki ba. Abin da ke yi shi ne waƙa. A ɗauki ayar, gajeriya, a sa mata amshi, a rera a ƙarshen taron har sau biyar ko shida ta zauna. Mace za ta rera ta tana surfe, tana jiran layi a famfo. Mai waya kuma a ɗaukar mata muryar mai karatu, minti ɗaya ya isa, kada a tura wa'azin awa guda da ba wanda zai saurara.

Na biyu, sadaka ce ke riƙe mata fiye da komai, domin ana ganinta da ido. Kowace rana in za a ɗebi hatsin tuwo, a cire tafin hannu ɗaya a zuba a wata tukunya daban mai murfi. Mai sana'a ta ajiye sefa 100 a rana, kwana 40 ya zama 4,000. Amma a sa sunan wanda za a kai wa tun ranar farko, gwauruwa kaza, ko gidan da suka gudo daga bakin iyaka suka sauka a unguwa. In ba a sa suna ba, ranar da kuɗin cefane ya yanke za a buɗe tukunyar, da niyyar a mayar, kuma ba a mayarwa. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah ke so shi ne a raba abinci da mayunwaci. Ranar da addu'a ta ƙi fita daga baki, hannu yana iya zuba hatsi.

Malam Katekis, Garwa: Mama, kin gyara min. Joshuwa ma duwatsu goma sha biyu ya sa aka ɗauko daga Urdun, domin yara su gani su yi tambaya.

Anti Nas, Marwa: Ku ba ni dama in shigo ta wajen jiki, domin yawancin abin da ake kira sanyin ruhaniya a mako na uku da na huɗu, rabinsa ƙishirwa ce da rashin barci. Azuminmu yana faɗawa ne daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. A Maris da Afrilu zafi a Marwa da Garwa da Kuseri yana haura digiri 40. Mutum ya hana kansa ruwa daga shida zuwa shida, yana aikin gini ko yana kan babur, da dare kuma ya je tsaron dare har ƙarfe biyu. Bayan kwana goma kansa na ciwo, yana faɗa da kowa a gida, ya buɗe Littafi ba ya fahimtar layi ɗaya, sai ya ce Allah ya yi nisa da shi.

Ku duba Iliya, wanda ya bayyana a dutsen tare da Musa. A 1 Sarakuna 18 wuta ta sauko a Karmel, babu nasarar da ta fi wannan. A sura ta 19 ga shi ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashe shi ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Da ƙarfin abincin nan ya yi kwana arba'in har Horeb.

Alamomin da za a lura da su: fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, jiri in an miƙe tsaye, bugun zuciya da sauri, baki ya bushe. In mutum ya rikice a magana ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi asibiti da shi nan take, ba a jiran faɗuwar rana. Ruwan gishiri da sukari na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin. Masu ciki, masu shayarwa, masu sikila, masu ciwon ƙoda ko gyambon ciki, da masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, kada su yi azumin ƙin ruwa ko tsallake abinci ba tare da sun ga likita ba. Mai sikila in ruwa ya ragu a jikinsa ciwon ne ke tashi. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau kada ya tsallake ko rana ɗaya.

Ɗan Mokolo: Anti, amma matasa za su ce maƙwabtanmu Musulmi suna yi ba ruwa, a zafin nan ɗaya. A 2026 ma Ramadan da Laraba ta Toka a mako ɗaya suka kama. Suna jin kunya a gan su suna shan ruwa.

Malam Katekis, Garwa: Mu girmama azumin maƙwabtanmu, kada a sha a gabansu don tsokana, amma kowa da ƙa'idarsa. Su suna da sahur da buɗa-baki, gari duka yana sassauta aiki da rana, kuma shari'arsu ta ɗauke wa marar lafiya da matafiyi. Matashinmu ya kwaikwayi ƙin ruwan ya bar sauran tsarin. Dokar Katolika ga ta: azumi na wajibi kwana biyu ne, Laraba ta Toka da Juma'ar gicciye, ga mai shekara 18 har ya shiga ta 60. Cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu in da bukata. Ruwa ba ya karya shi, magani ma haka. Ƙin cin nama kuwa daga shekara 14 ne, a Laraba ta Toka da Juma'o'in azumi. Abin da mutum ya ƙara a kan wannan na son ransa ne, kuma ya kamata ya shawarci Fada ko wani babba. A gidan da nama sai ran kasuwa ko ran biki, barin nama ba wani abu ba ne, sai a bar abin da ake ji a jiki, kamar sukarin shayi ko kuɗin kati.

Baba Fasto, Ngaundere: A wajenmu babu dokar kwanaki, an bar wa lamirin mutum, kuma wannan ma da nasa haɗarin, domin inda babu ma'auni gasa ke shigowa. Matiyu 6:16-18 shi ne ma'aunin: ka shafa mai, ka wanke fuska. In duk unguwa ta san kana azumi, ka riga ka karɓi ladanka.

Ina so in ƙara abu ɗaya da ake tsallakewa a Matiyu 17:9. Suna saukowa Yesu ya hana su faɗa wa kowa abin da suka gani sai bayan ya tashi daga matattu. Mu kuwa yaro na dawowa daga taro ranar Asabar, Lahadi mun miƙa masa makirufo ya ba da shaida. Ya faɗi manyan maganganu a gaban jama'a, bayan mako biyu ya kasa, kunya ta hana shi zuwa sujada. Shugabannin matasa, ku jinkirta shaidar zuwa bayan Ista. Abin da ya rage a lokacin shi ne na gaske, kuma shi zai amfani masu ji.

Shugaban Mawaƙa, Yagwa: Baba, wannan zai yi wuya, matasa suna son a ji su da zafi-zafi. Amma na ga hikimar.

Ta wajen waƙa, abin da ke lalata mana lokacin shi ne ƙoƙarin dawo da zafin taro kowace Lahadi, ganga da jita iya ƙarfi, har ranar Ista ta zo ba ta bambanta da sauran ba. A rage kayan kiɗa da gangan. Zabura 42 ta dace da makonnin tsakiya, domin mai Zaburar yana tuna yadda ya taɓa tafiya da taro zuwa Haikali da sowa, yanzu kuma yana tambayar ransa me ya sa ya karai. Bai yi ƙaryar farin ciki ba, bai kuma bar tunawa ba.

Malam Katekis, Garwa: Kuma kalandar kanta ta ajiye wuraren shan iska, a yi amfani da su. Lahadi ba ranar azumi ba ce. 19 ga Maris idin Yusufu ne, 25 ga Maris idin albishir ga Maryamu, a duka biyun ana rera waƙar Ɗaukaka ga Allah, wadda ake ajiyewa a sauran azumin. Lahadi ta huɗu, 15 ga Maris a 2026, ita ce Lahadin farin ciki, inda Fada kan iya sa riga ruwan hoda. A shekarar A Lahadi ta uku matar Samariya ce a bakin rijiya, ta huɗu wanda aka haifa makaho, ta biyar Li'azaru, kuma a waɗannan ukun ake yi wa masu jiran baftisma addu'o'in binciken zuciya. In ana son a riƙe matasa, a ba kowane ɗaya mai jiran baftisma guda ya riƙa raka shi. Wanda ake jira a ƙofa ba ya fashi da sauƙi. A kuma sa ranar furta zunubi a mako na uku, kada a bari sai Mako Mai Tsarki, domin a mako na uku ne ake faɗuwa.

Malamin Makaranta, Kuseri: Yanzu na ga abin da za a iya gwadawa. Amma har yanzu ina cewa akwai waɗanda ba su taɓa hawa wani dutse ba. Shekara da shekaru suna zuwa sujada, ba su taɓa jin komai ba. Su fa?

Baba Fasto, Ngaundere: Almajirai tara ba su hau ba, Malam. Suna ƙasa suna fama da yaron da aljani ke bugarwa, sun kuma kasa. Uban yaron ne ya yi addu'ar da ta dace da irin waɗannan, a Markus 9:24, cewa ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu ya karɓa. Martin Luta ya koyar da masu shakka su koma ga baftismarsu, domin abu ne da aka yi musu a rana sananniya, da ruwa da Magana, ba ya dogara ga abin da suke ji. Irin wannan mutum ya nemi ranar baftismarsa a katinsa ko a rajistar ikilisiya, ya rubuta ta a saman takardar da Malam Katekis ya ambata, a wurin da wasu ke rubuta ranar taro.

Ɗan Mokolo: Na gode, iyaye. Tambaya ta ƙarshe: Hanyar Gicciye da ƙarfe uku na rana, a ƙarƙashin rufin kwano, ita ma tana korar mutane. Dole ne a yi ta a wannan lokacin?

Malam Katekis, Garwa: Ba dole ba ne. Ƙarfe uku don tunawa da sa'ar mutuwar Ubangiji ne, ya fi dacewa da babbar Juma'ar kanta. Sauran Juma'o'in ku nemi izinin Fada a mai da ita biyar da rabi na yamma, bayan 'yan makaranta da ma'aikata sun tashi, ko a yi ta a unguwa a ƙarƙashin bishiya. Tasha 14 ce, minti biyu zuwa uku kowace tasha, kada ta wuce minti 45. A raba karatun tun ranar Laraba ga matasa 14, kowa da tasharsa, a ajiye randar ruwa a bakin ƙofa domin tsofaffi da yara.